Laftof ɗin Bala a Kan Banda

Jama'a, yau na ga kwamfuta ta sha hayaƙi tare da tarwaɗa!

Kun san Bala ɗan ajinmu, mai kiranmu mutanen da don muna rubutu da biro. Da safe muka taso daga Wara a kwalekwale, igiyar ruwa ta jiƙa jakunkunanmu sharkaf. Ga malami ya rantse wanda bai nuna rubutun darasinsa yau ba, ba shi ba jarrabawa!

Muka biya gidansu a Yelwa mu canza kaya. Muna fitowa, jakunkuna wayam. Innarsa mai bandar kifi ta ce, "Na ɗora muku su bushe."

Bala ya kurma ihu, "Inna, laftof ce fa!"

Ta ce, "To, ita ba ta jiƙe ba?"

Muka ruga. Littafina ya yi ja, amma rubutu raɗau. Laftof kuwa ta lanƙwashe!

A aji malam ya shinshina littafina, ya sa hannu. Ya juya ta Bala ya ce, "Wannan kam ta gasu. Ina yajin?"

Yanzu haka Bala na ƙofar ɗakina, wai in ara mishi biro.