Gwafar Baban Rifkatu da madubin gwanjo

Shekara tara ke nan da Ubangiji ya kira maigidana, Baban Rifkatu. Duk shekara in shamuwa ta dawo da ruwan fari nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai aikin gona ya sha gabana. Bana na zauna. Ba zan ba ku labarin ciwonsa ba, wannan tsakaninmu ne da Allah. Labarin madubin hangen nesa zan ba ku, wanda ya saya wa 'yarmu a kasuwar Kafanchan.

Rifkatu tun tana ƙarama ba ta da abin so kamar tsuntsaye. In an aike ta gadin acca, maimakon ta kore su sai ta zauna tana kallonsu, ta dawo tana gaya mana wanne ne ya fi haɗama, wanne ne yake jira sai 'yan'uwansa sun ci. Muna dariya, har ranar da yaron maƙwabta ya kwanta zazzaɓi, wani ya ce ai ya ga Rifkatu tsaye ƙarƙashin ɗorawa da rana tsaka, ita da mujiya suna kallon juna. Wanda ya girma a ƙauye ya san inda irin wannan magana take dosa. Ba wanda ya furta kalmar maita a gabanmu, amma 'yan mata suka daina biyo mata zuwa rafi. A coci aka riƙa matsawa daga bencinta. Yarinya ta shige ɗaki, abinci ma sai da lallashi. Sunanta ne yake shirin lalacewa, ita kuwa ko aji shida ba ta gama ba.

Babanta bai iya faɗa ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Maman Rifkatu, da za su ga abin da take gani, da bakinsu ya mutu." Wani malamin firamare ne ya ba shi labarin madubin da ke jawo nesa kusa. Da muka sayar da citta, muka shiga motar Manchok, daga can muka wuce Kafanchan. Sabo a kanti, da muka ji kuɗinsa, muka yi godiya muka fito. Muka yi ta yawo har muka dace da wani mai gwanjo, ya baje tsofaffin rediyo da dutsen guga, a tsakiyarsu ga madubi biyu: ɗan ƙarami da fentinsa ya goge, da wani ƙato baƙi.

Mai gwanjo, Allah ya saka masa, ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Baba, in na yarinya ne, ɗauki ƙaramin." Maigidana ya ɗora wannan a tafin dama, wancan a na hagu, yana jinjina su kamar yadda yake yi wa doya. Ya ce, "Malam, kai in ka je sayen doya, ƙarama kake zaɓa?" Mai gwanjo ya yi dariya ya ce shi dai ya fita. Muka taho da ƙaton, maigida na tafe da shi a wuya kamar wanda aka ba sarauta.

An ce araha ba ta ado, to ba ta da tausayi ma. Rifkatu ta ɗaga abin nan da hannuwanta sirara, sai rawa yake yi. Ashe irin mai jawowa da yawa, in hannu ya motsa kaɗan, bishiya gaba ɗaya sai ta yi ta tsalle. Ta ce, "Ina gani, Baba, na gode," amma na ga tana sauke shi tana dubawa da idonta. Shi ma ya gani. Ya ɗauki adda ya zagaya bayan gida, ya saro gwafa irin wadda muke tokare ayaba da ita, ya fere ta daidai tsayin yarinyar, ya ɗaure madubin a kai da robar tayar keke. Rawa ta tsaya.

Ranar Lahadi bayan sujada ya kafa gwafar a filin coci, ta fuskanci ɗorawar nan. Ya sa Rifkatu ta saita, sannan ya kira Mama Asabe, dattijuwar zumuntar mata, wadda in ta yi tari a unguwa kowa ya ji. Ta ce, "Ni da tsufana zan leƙa abin yara?" Ya ce, "Mama, ai ba a buɗe tukunya kafin babba ya zo." Ta sunkuya tana gunaguni. Sai muka ji, "Yesu! Cilakowa ce! Jama'a, ashe tana da gashin ido! Kamar amarya ta sha kwalli!" Fili ya ɗauki dariya, aka yi layi har da fasto. Duk wanda tsuntsu ya ɓace masa sai ya ce, "Rifkatu, zo ki nemo mini." Gani ya kori ji. Washegari da safe na ji muryar 'yan mata a ƙofar gida suna kiranta zuwa rafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ɗorawar nan an sare ta an yi gawayi, na san wannan zai ɓata masa rai. Yara suna sayen kaya ta waya ba tare da sun taɓa ba, shi da ko kaza ba ya saye sai ya jinjina. Amma da ya ga Rifkatu tana koyarwa a Manchok, ranar Asabar tana fita bakin fadama da 'yan ajinta, da ya cire hula ya yi godiya. Iyaye sukan zo su tambaye ta wane iri za su saya wa mai koyo. Takan ce su nemi mara nauyi, wanda lambar farko da aka rubuta a jikinsa takwas ce, ko na gwanjo ne ba laifi, muddin gilashin bai yi hunhuna ba, kuma abu ɗaya bai zama biyu a ido ba. Sai ta ƙara da cewa, "Kada ku auna shi kamar doya." In ta faɗi haka takan yi dariya, wani lokaci dariyar ta ƙare da share ido.

Madubin ya daɗe da lalacewa, damina ta cinye gilashinsa. Gwafar kuwa tana bayan ƙofata, ta yi wa Rifkatu gajarta yanzu. Bai bar mana gidan bene ba, amma ya mayar wa 'yarsa sunanta ba tare da ya zagi kowa ba. Shi ya sa har yau, in wata ta matso kusa da ni a zumunta ta rage murya za ta fara maganar 'yar wani, nakan dafa hannunta in ce, "'Yar'uwa, kin leƙa da idonki?"