Amin Ɗin da Mama Ta Ƙi Faɗa

Ranar Asabar ce. Ƙarfe shida saura kwata na ji tsintsiyar Mama a tsakar gida, tana shara tana rera waƙar sujada. Mahaifiyata ce, ta haura shekara saba'in. Allah ya ba ta bangaskiya, amma bai ba ta murya ba. In ta ɗaga waƙa, ƙadangarun katangarmu sukan kwashe 'ya'yansu su koma gidan maƙwabta. Na leƙo ta taga na gaya mata haka, ta nuna ni da tsintsiya. Matata Laraba tana dama kunun gyaɗa. Yaranmu uku suna faɗa a kan cokali ɗaya, alhali cokulan gidan za su ishi barikin Shadawanka kaf. Na sha kofi biyu na fita. Sunana Ayuba, facin taya nake yi a bakin titin da ya wuce ta gaban bariki.

Bari in koma baya kaɗan saboda wanda bai san unguwarmu ba. Shekara biyu kafin wannan rana, wani mutum ya kama hayar tsohon gidan kaji a bayan layinmu. Ya shafa masa farin fenti, ya rataya lasifika huɗu, ya ce shi Annabi ne. Ba zan rubuta sunansa ba, kada in ɓata biro. Farar riga har ƙasa, zobe a kowane yatsa, tumbinsa kuwa yakan riga shi shiga ɗaki da minti biyar. Koyarwarsa ita ce wai jinin Yesu rabin aiki ya yi, ruwan da shi Annabi ya hura wa iska ne yake cika sauran. Ruwan leda ne fa, irin wanda nake sha a rumfata. Rabin ikilisiyarmu suka koma wurinsa. Ya tara zauna-gari-banza, ya ɗinka musu jajayen riguna, ya sa musu suna sojojin addu'a.

Mako biyu kafin Asabar ɗin, zazzaɓi ya ɗauke ɗan maƙwabcinmu. Annabi ya zo gaisuwa. Ba wanda ya ce ya yi addu'a, ya miƙe ya yi. Ya ce duk wanda bai sha ruwansa ba, ƙofar sama ta rufu a kansa. Jama'a suka ce Amin. A wurinmu in ana addu'a, baki da kansa yake cewa Amin, ko da hankalin mai shi yana kan tukunyar shinkafa. Ni ma na faɗa, Allah ya gafarta mini. Mama ba ta faɗa ba. Tana zaune a gaba kan tabarma, bakinta a rufe. Ya maimaita sau uku yana kallonta. Shiru. Tun muna yara ta koya mana cewa Amin sa hannu ne, kuma ba a sa hannu a takardar ƙarya.

Washegari lasifika huɗu suka sanar da unguwa cewa an gano abin da ya ci yaron. Wai akwai mayya a layinmu, alamarta kuwa Amin ba ya fita daga bakinta.

Dariya na yi, wautata ke nan. Na riƙa ce wa mutane in da Mama mayya ce, da ni ta fara cinyewa, ni da na fi kowa tsoka a gidan. Fastonmu ya zo ya roƙe ta ta tafi ƙauye na ɗan lokaci. Ta ce ba ta tsufa don ta guje wa gidan kaji ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin wayata ta yi ƙara. Laraba ce. Ba ta yi magana ba. Ta cikin wayar na ji ganga, da ƙararrawar hannu, da kukan autarmu. Na bar tayar wani soja a cikin ruwa. Na ɗauki ƙarfen cire taya. Na tare Keke Napep ɗin Malam Sani, mutumin unguwar Ƙofar Ran, wanda na yi wa faci ya fi sau dubu. Ban gaya masa komai ba. Fuskata ya kalla ya murɗa.

Sha biyu saura kwata muka iso bakin layi. Keke bai iya shiga ba. Mutane sun cika layin, wasu a kan katanga, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Na kutsa. Ƙofar gidanmu tana kwance a ƙasa.

Sun durƙusar da Mama a tsakiyar gida. Ɗankwalinta ya faɗi. Ban taɓa ganin furfurar uwata a gaban jama'a ba sai ranar. Laraba da yara suna rakuɓe a jikin ɗakin girki, mutum biyu sun tsare su da sanduna. Annabi yana tsaye a inuwa, ledar ruwa a hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Yana da masu ɗaga masa.

"Annabi ne ƙofar sama! Ki ce Amin!"

Ganga ta tsaya. An ba Mama lokaci.

"Ki ce Amin, mayya!"

Yanzu zan rubuta abin da ban taɓa faɗa a wurin hira ba. Ni ma na yi ihu. Mutum uku suna riƙe da ni, na buɗe baki da dukan ƙarfina.

"Mama, ki faɗa! Kalma ɗaya ce!"

Ta juyo ta dube ni. Irin kallon da take yi mini ina ɗan shekara takwas in na dawo da abin da ba nawa ba. Sannan ta mai da idonta kan Annabi.

"Yesu ne ƙofa," ta ce.

Sai katako ya sauka a kanta, ƙararsa kamar an fasa busasshiyar ƙwarya. Na san wanda ya ɗaga shi. Mama ce ta karɓi haihuwarsa, ita ta yanke masa cibiya. Na san na biyu. Na san matar da ta yi guɗa. Sunayensu suna nan a kaina a jere, nakan bi su ɗaya bayan ɗaya kowace safiya kafin in wanke baki.

Na fizge. A rumfa nakan ce mutum arba'in na kayar a ranar. Gaskiya biyu ne, ɗayan ma santsi ne ya kwashe shi. Amma na farkon ya ji ƙarfena a gwiwa, kuma har gobe in na hango shi yana ɗingishi a kasuwa, abinci yakan yi mini daɗi. Wani ya same ni da dutse a baki. Na tofar da haƙora biyu.

Sha biyu da minti goma na ji warin fetur.

"Ku ƙone ɗakin maita!"

Labulen Mama ya fara kamawa, sai katifa, sai silin. Iska ta tura wutar ɗakin girki. Laraba ta ja yara ta yi bayan gida. Bayan kamar minti biyar tukunyar gas ta fashe. Ƙarar ta ɗauke mini ji. Kwanon rufi ya tashi sama. Sojojin addu'a suka manta da addu'a, suka tattake juna a bakin ƙofa. Annabi, mai cewa wuta tana jin maganarsa, shi ya fara kaiwa titi, ya bar takalmi ɗaya.

Na goya Mama. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Jininta yana bin wuyana, da ɗumi. Muka fita ta ƙofar baya, muka ratsa lambun alayyafo na maƙwabta, muka tsallake kwata. A can muka tarar da Malam Sani. Ya zagayo ta bayan layi, bai kashe keken ba.

"Ku shigo! Ku sunkuya!"

Mu shida a baya. Dutse uku suka sauka a kan rufin keken, na ƙirga su. Na huɗu ya fasa madubi. Bai tsaya a ko'ina ba sai ƙofar asibiti. Ƙarfe ɗaya saura minti biyar.

An ɗinke kanta. Ta buɗe ido da la'asar, amma ba ta yi magana ba. Laraba da yara suka kwana huɗu a Ƙofar Ran, a ɗakin mahaifiyar Malam Sani, ita kuwa tsohuwar ta koma kwana a tabarma. Ran Laraba likita ya kira ni gefe ya ce mu kai ta inda za ta ji muryar 'yan'uwanta. Muka kai ta Zungur, gidan ƙaninta. Kullum ina zaune kusa da ita. Na ba ta labaran ƙarya iri-iri ko za ta harare ni. Na gaya mata na yi kuskure da na yi mata ihu. Na faɗa ya fi sau ɗari, wannan kam ba ƙari. Idonta a kaina, bakinta a rufe. Ran Litinin, ƙarfe uku da rabi na yamma, ana sussukar dawa a waje, ta cika.

An kama mutum huɗu. Annabi ya ɓace tun kafin hayaƙi ya kwanta. Na ji wai ya buɗe wani wuri a wata jiha, da sabon suna. Duk direban da ya tsaya faci a wurina sai na kwatanta masa tumbin. Ina tambaya, kuma ba zan gaji ba. Fasto ya ce ramuwa ta Ubangiji ce. Na ce na yarda, amma ina roƙon Ubangiji in ranar ta zo ya ba ni kujerar gaba. Ban bar sujada ba, ban kuma sha ruwan kowa ba. Sai dai in ana Addu'ar Ubangiji aka zo wurin gafarta wa masu yi mana laifi, tari yakan kama ni. Gidan da ya ƙone zan iya yafewa. Amma mutumin nan ya sa na haɗa murya da masu jajayen riguna a kan uwata, kuma muryar tawa ce ta juyo ta kalla.

Ɗaki uku suka tafi. Keken ɗinkin Laraba, takardun makarantar yara, Littafi Mai Tsarki na Mama da ta ɗaure da roba. Wayata ta faɗi a tsakar gida, ta Laraba ta narke. Hotunan bango duka sun ƙone, ba mu da nata ko ɗaya. Jiya auta ta tambaye ni a wane kumatu tsagar kakarta take. Na ce dama. Laraba ta ce hagu.