Rayuwar Mai Hantsaki, Wanda Ya Hana Fasa Kaska

"Umma, to yanzu da Kaka ya mutu, wa zai riƙa leƙa mana hammata?"

'Yata ce ta yi wannan tambaya a gaban masu ta'aziyya, har wasu suka rufe baki da mayafi don kada dariyarsu ta fito. Domin ita da sauran jikokinsa aka rubuta wannan tarihi na surukina, wanda jama'a suka fi sani da Mai Hantsaki.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a shekarar 1948 a wani ƙauye na bakin kogi. Mahaifinsa makiyayi ne, mahaifiyarsa kuma tana sayar da madara. Ya yi karatun addini a gida, sannan ya shiga firamare a 1956, amma hakan bai raba shi da kiwo ba, domin kullum da yamma shi da ƙanensa Auta suke cire wa shanu kaska. Wasan yaran wancan zamani shi ne a zaɓi wadda ta ƙoshi da jini a fasa ta da farce, a ji ta wa ta fi ƙara. A damina ta 1961 Auta, wanda ke da yanka a yatsa, ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani, jini yana fita ta hancinsa da dasashi, kuma bai tashi ba. Mutanen gari suka ce iska ce ta taɓa shi.

Aiki

A shekarar 1970 ya sami aiki a asibitin dabbobi a matsayin mai kula da ramin da ake wanke shanu da magani. A makonsa na farko likitan dabbobi ya gan shi zai fasa kaska, ya riƙe masa hannu, ya bayyana masa cewa wannan halitta tana tsotsar jinin dabba mai ciwo ta zuba cutar a jikin mai lafiya, ko dabba ko mutum, kuma jinin cikinta kan shiga ta ƙaramin rauni. Sai ya kwashe labarin Auta ya faɗa masa. Likitan ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma alamun sun yi kama. Ya ba shi hantsaki da gwangwanin kananzir, kuma tun daga ranar ba a sake ganin aljihunsa babu hantsaki ba.

Ya shafe shekarun aikinsa yana bin garke-garke da mahauta, yana koya wa mutane su kama kaska daga kai su zare ta a hankali, su jefa a kananzir. Wasu sun yi masa ba'a. Wani mahauci ya taɓa ce masa, "Mai Hantsaki, kaskar ma jana'iza za ka yi mata?" Shi kuwa ya ce, "Gara tata da taka."

Aure da iyali

Ya auri wata mai ɗinki a 1974, Allah ya ba su 'ya'ya shida, biyar suka rayu. Dokar gidansa ita ce duk wanda ya shiga ciyawa ko turke sai an duba masa bayan kunne, ƙeya, hammata da cibiya kafin ya ci abinci. Mai ɗakinsa takan ce ita da tunkiya ba ta san wadda ya fi leƙa wa kunne ba.

Shekarun tsufa

Ya ajiye aiki a 2005, ya koma kiwon awaki a bayan gida, jikoki suka gaji layin dubawa. A 2019, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, dubawar ta tsaya. A wannan shekara wata jikarsa, wadda yake tsokana da cewa amaryarsa ce, ta kamu da zazzaɓin da maganin cizon sauro ya kasa saukarwa, har ta daina cin abinci. Ya sa aka kawo ta bakin gadonsa, ya ce a tsefe mata kitso. A ƙeyarta aka ga kaska ta kumbura. Mahaifinta ya kai farce, tsohon ya buge masa hannu ya ce, "Kai da aka haifa a gidan nan?" Ya zare ta da hantsaki yana ce wa yarinyar, "Amarya, ashe baƙuwa kika ɓoye mini." Aka sa kaskar a kwalba aka tafi da ita asibiti. Da likita ta gan ta, ta sauya magani, kuma yarinyar ta warke sarai.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Agusta na 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura bayan azahar, makiyaya da mahauta suka cika layin. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babbansu malamin makaranta ne, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, na uku direba, wanda shi ne maigidana, ta huɗu ta gaji keken ɗinkin mahaifiyarsu, autan kuma yana karatun likitan dabbobi. Hantsakin ya bar wa amaryarsa, kuma yanzu ita take jera ƙannenta da yamma tana cewa, "A ɗaga hannu." Allah ya jiƙansa da rahama.

Ke uwa mai karanta wannan, idan yaranki sun dawo daga ciyawa ko wajen dabbobi, ki duba su har cikin gashi. In kin ga kaska kada ki fasa ta, kada ki bari yaro ya fasa. In zazzaɓi ya biyo baya, ki je asibiti da wuri, ki faɗa wa likita cewa kaska ta ciji yaron.