Ƙofar da Ban Auna Ba

Idan ka je Bici ka tambayi Umara mai gyaran rediyo, za a nuna maka wata rumfar kwano a hanyar kwaleji. In kuwa ka ce Umara mai igiya, ba sai an nuna ba, kowane ɗan acaɓa zai kai ka. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ya ba ni. Ni ne Tasi'u, wanda ya tsaya a gida yana noma, kuma in faɗa muku tun yanzu, a labarin nan ni ne marar kirki.

Kakanninmu Barebari ne da suka zauna a wani ƙauye bayan Makoda, har Barbarcin ya ɓace mana, sai sunaye. Umara yana da shekara huɗu shan inna ya kama shi, ƙafafu biyu suka shanye. Ya tashi yana jan jiki a ƙasa, hannuwa cikin silifas, daga ɗakin mahaifiyarmu Iya Falta zuwa makarantar allo. Iya takan ce babu abin da ke ƙona mata rai kamar ta ga gwiwar wandonsa ta cinye. Ranar da wani mai walda a Makoda ya haɗa masa keken guragu, mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ta sa ya yi mata alkawari ba za ta ƙara ganinsa a ƙasa ba. Yana da shekara goma sha tara a lokacin. Shekara ashirin da shida ya riƙe alkawarin nan, da taurin kai irin na gidanmu.

A Bici ya koyi gyaran rediyo, da zamani ya juya ya koma waya. Ya auri Sauda, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Mutum ne mai tsokana, wallahi in ka zauna rumfarsa sai haƙarƙarinka ya yi ciwo. Ni kullum ce min yake, "Tasi'u, kai da ƙafafunka biyu ba ka taɓa wuce kasuwar Makoda ba, ka ba ni aronsu mana."

Maganar igiya daga wani ɗaurin aure ta samo asali. Abokinsa ne ya gayyace shi Zakirai, ya tambaya yaya wurin yake, aka ce lafiya lau. Ya yi sammako, ya canza mota biyu, ya isa ya tarar da masallaci mai matakala bakwai, ga kwata a gabansa ba gada. A rana ya zauna, ta lasifika ya ji fatiha. Da ya dawo sai ya yanki igiya daidai faɗin kekensa, ya yi ƙulli a kowane baki. Ya yanka irinta da yawa. Direba ne kai, ɗan kasuwa ko ɗalibi, in dai za ka wani gari, zai miƙa maka ɗaya ya ce ka auna masa ƙofa. Sannan ya jero maka tambayoyi har ka gaji. Matakala nawa? Gaban wurin yashi ne ko laka? Banɗakin fa, ana iya juyawa a ciki? Wane direba ne a tashar yake ɗaure keke a saman bas ba tare da ya yi ta tsaki ba?

Mu dariya muke masa, Allah na tuba. Amma 'yan'uwansa masu keke ba dariya suke ba. Daga Makoda, daga Zakirai, har daga cikin Kano kiransa suke kafin su fita, mai zuwa asibiti, mai zuwa ta'aziyya, mace mai son ta kai 'yarta makaranta. Shi kuma ya yi musu saƙon murya dalla-dalla: ka bi ta ƙofar baya, kada ka je ranar kasuwa, ka rage shan ruwa don banɗakinsu ba naka ba ne. Kalma ɗaya ce ba ya karɓa daga bakin kowa. "Kada ka ce min lafiya lau," in ji shi. "Mai ƙafa ba ya ganin matakala, tsallake ta kawai yake."

To, shekara biyu da suka wuce ruwan sama ya rushe zauren gidanmu, tsohon zauren ƙasa mai faɗin baki da keken Umara yake wucewa sumul. Ni na sake gina shi da bulo. Na ɗaga shi matakala uku saboda ambaliya, na sayo ƙofar ƙarfe haɗaɗɗiya a kasuwa na sa. Har mutane suna tsayawa kallo, ni kuma ina hura hanci. Sai ga Basiru, direban bas ɗin da yake ɗaukar Umara, ya miƙo min igiya, wai Yaya ya ce in auna.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Haba! Gidan ubansa ne za a auna masa kamar baƙo? Na jefar da igiyar a tsakar gida, ƙarshe akuya aka ɗaure da ita. Da ya kira ya tambaya, na ce, "Na auna, Yaya, ta yi." Idona ya ɗan gaya min ƙofar nan ta matse, amma ta yaya zan buɗe baki in gaya wa yayana gidan da aka haife shi ba ya ɗaukarsa? Mu nan ba ma faɗin irin wannan. Na ce a raina in zai zo na san dabarar da zan yi. Da Sallah kuma Iya ce ta je musu Bici, ƙaryata ta samu wurin kwana.

Cikin watan Agustan bara Iya ta kwanta. Ran Laraba na kira shi na ce jikin da sauƙi, amma ya zo. Ya san abin da wannan yake nufi. Sai ya ce, "Tasi'u, ƙofar?" Na ce, "Yaya, sau nawa zan faɗa maka na auna?" Har da ɗaga murya, ni mai gaskiya.

Washegari Basiru ya sauke shi a bakin kwalta. Ya tuƙo kansa cikin laka tsakanin gonakin gero, sanye da farar shadda, don Iya tana son ganinsa fes. Ya iso da hantsi. Ni kuma a daidai lokacin na hau mashin na tafi Makoda neman ruwan da za a ƙara mata. Maƙwabta da ke zaune a ƙofar gida suka ɗaga shi da keken suka haye matakalar, sai ƙofa ta ƙi. Yatsu huɗu kacal suka rage. Suka karkata keken, suka juya shi, ina! Suka sauko da shi.

Suka ce bari su ɗauke shi a hannu su shigar. Ya ce a fara kira masa Luba, matata. Ta zo bayan ƙofa suka gaisa, ya ce yaya jikin Iya. Ta ce, "Da sauƙi, Yaya, barci ma take." Sai ya ce to babu gaggawa, zai jira ni. In na dawo in goya shi zuwa ɗakinta, in zaunar da shi a kujera kafin ta farka, ta buɗe ido ta gan shi zaune kamar kowa. Ya koma gindin darbejiya yana jan carbi.

Iya ba barci take ba. Daga baya Luba ta gaya min tana kuka, tsohuwar nan sau uku tana tambaya ko Umara ya iso, matan gida suna ce mata yana hanya. Ba su so ta ji ɗanta yana waje ƙofa ta hana shi, shi kuma ba su so su tayar masa da hankali. Kowa yana ta kara, kowa yana ta kunya, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Tir da irin wannan kirki namu!

Da na dawo, tun daga nesa na ji salati. Na tarar da keken a gindin bishiya ba kowa a kai. Daga matakala zuwa tsakar gida ga sawun tafin hannu biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da doguwar shaidar jan jiki a tsakaninsu. Na bi ta har ɗakin Iya. Yana ƙasa a gefen gadon, shaddar ta koma laka, ya riƙe ƙafarta da hannu biyu. An riga an rufe mata fuska.

Bai zage ni ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Aka yi sallar gawa a ƙofar gida yana kan kekensa, muka ɗauke ta muka ratsa gonaki zuwa maƙabarta, muka bar shi nan. Kwana uku a waje ya karɓi gaisuwa, a shagon maƙwabci yake kwana.

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, na ɗauko guduma. Na shiga dukan gefen ƙofar nan, bulo yana zubowa, ina duka ina kuka kamar ba magidanci ba. Na ce masa yau zan faɗaɗa ta, in rushe matakalar, in zuba siminti ya gangara har bakin hanya. Yana kallona, Basiru yana jiransa a kwalta.

"Bar shi, Tasi'u," ya ce a hankali. "Kada ka ɓata gininka. Wajen wa zan shiga?"