Bangon da Ya Yi wa Ladan Kuka

Shekara talatin da biyar yana aikin famfo, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa Ba-Yoyo yake ce masa. Shi ya ja wa kansa sunan. In ya gama ɗaure bututu sai ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya ce wa mai gida, "Wannan kam ba yoyo," ya saɓa jakarsa ya tafi ko waiwaye babu. Kuma tsakani da Allah ba a cika kiransa sau biyu a kan aiki ɗaya ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwoyinsa sun yi kanta saboda durƙuso a banɗakunan mutane, hancinsa kuwa sai dai a ce tubarkalla. Tun daga bakin ƙofa yake gane ko ruwan wanke-wanke ne ya kwanta ko na masai. Yakan ce a wurin mai famfo babu babban mutum, don duk wanda ka gani yana hura hanci a mota, shi ya ga abin da yake bari a baya.

Matarsa ta rasu da daɗewa ta bar masa 'ya ɗaya. Ya raine ta, ya aurar da ita, ga shi har ta haifa masa jika, 'yar wata huɗu, wadda yake kira amaryarsa yana ce mata in ba ta yi haƙora da wuri ba zai sake ta. Addininsa irin aikinsa ne, babu surutu. Yana da riga da wando daban a cikin leda a gindin jaka, lokacin salla na yi zai wanke hannu har gwiwa da sabulu sau uku, ya sauya kaya, ya yi sallarsa ya koma ramin da ya fito. Bai taɓa roƙon Allah ya nuna masa wata alama ba. Ƙanensa mai gyaran waya shi ne mai neman alama. Tun ranar da ɗansa ya cika a hannunsa suna kan layin ganin likita ya ajiye salla, kuma daga nan duk maganar da aka yi masa amsarsa ɗaya ce, a kawo hujja.

A bayan layinsu akwai wani bene mai hawa huɗu. Ɗakin ƙasa na kusurwa da can sito ne, daga baya aka share shi aka shimfiɗa darduma ya zama masallacin unguwa. Wani tsohon ladan ya yi shekara goma sha biyar yana jingina da bangon dama tsakanin salla da salla, har kansa ya yi wa fentin tabo. Ya rasu, aka kai shi. Bayan mako biyu bangon ya fara tsattsafo da ruwa daidai wurin tabon nan.

Kafin a ce me, labari ya game gari: bango yana yi wa ladan kuka. Aka zo da kofuna, aka zo da robobi, aka manna auduga ana matsewa. Mai sayar da katin waya na bakin titi ya koma sayar da ƙananan kwalabe. Mutanen da ladan ya yi shekara goma sha biyar yana tsage maƙogwaro yana kira ba su taɓa amsa masa ba, yanzu su ne a sahun gaba suna share hawaye. Wanda ya hana tsohon nan ko ruwan sha yana raye, shi ne mai ba da labarin waliccinsa. Kai, mutane dai sai a bar su.

Ba-Yoyo yana wani aiki a nesa duk makon, sai ranar Litinin ya samu zuwa la'asar a masallacin. Yana cire takalmi hancinsa ya gaya masa. An yi ta fesa turare, an kunna na wuta, amma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wani ɗan zarni da ya sani kamar yadda ya san muryar 'yarsa. Ya dubi bangon, ya ɗaga kai ya dubi silin.

Shi ya yi aikin famfon benen nan shekara ashirin da biyu da suka wuce. Duk bututun ƙazanta ta baya suka sauka, in ban da guda ɗaya. Ana dab da gamawa mai gidan na lokacin, wanda yanzu ya rasu, ya ce a ƙara banɗaki a hawa na uku ta gaba, kuma ba ya son ganin bututu yana ɓata masa fuskar gini, a binne shi cikin bango. Ranar da zai haɗa gwiwar bututun ta ƙarshe gam ya ƙare. Yamma ta yi, shaguna sun rufe, magini na tsaye da kwaɓaɓɓen siminti yana ce masa ya yi sauri kafin ya bushe. Sai Ba-Yoyo ya yanko robar cikin tayar keke ya naɗe mahaɗar tamau, ya ce gobe zai dawo ya gyara, alhali ya san in an shafe bango an shafe ke nan. Ya ƙwanƙwasa da sifana ya faɗi abin da ya saba faɗa. Robar ta yi ƙoƙari, ta riƙe masa asiri shekara ashirin da biyu.

Yana tsaye wata mata ta tara ruwan a tafin hannu ta kurɓa, ta shafe fuska da sauran. Ya kau da kai. Bayan an sallame ya samu liman a gefe.

"Malam, ruwan nan fa... ruwa ba ya tsami banza."

Liman mutum ne mai sanyin hali, ya yi ajiyar zuciya. "Ni ban ce karama ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce. Amma dubi sahu. Shekara nawa muna salla mu bakwai? Jiya har kan titi. Akwai wanda ya ce mini rabonsa da sa goshi a ƙasa shekara tara." Ya dubi Ba-Yoyo. "Ɗan mai gidan ya ce duk bututun benen nan ta baya suke. Kai ka yi aikin, ai ka fi kowa sani. Akwai bututu a bangon nan?"

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe. Amma Ba-Yoyo ya tuna sunansa, ya tuna a bangon wane ɗaki ƙazantar take sauka, ya hango bakin mutane. "Ta baya suke," in ji shi.

Kwana uku yana lallashin kansa. Ya ce zai shiga hawa na uku da wata dabara ya rufe banɗakin, bango ya bushe a hankali, kowa ya huta. Ya je sau biyu bai samu mazauna hawan ba, kuma har ga Allah ya ji daɗin rashin samunsu. Ya ce ai manya ne masu shan, cikinsu ya saba da abin da ya fi wannan. Yana cin abinci yana jin zarnin a harshensa. Sallarsa ma a gida ya koma yi, don ba ya iya kallon bangon.

Ranar Alhamis da hantsi ya biya gidan 'yarsa. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Jikar na kwance tana wani kuka mara ƙarfi, idanunta biyu sun kumbura sun liƙe da mugunya, a gefen katifa kuwa ga 'yar kwalba da auduga.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan bangon ladan ne, Baba. Ɗan kwantsa ta fara, sai Mama, uwar mijina, ta kawo ranar Talata ta ce a riƙa ɗiga mata safe da yamma. Ta ce kumburin nan ciwon ne yake fita."

Bai san lokacin da ya yi jifa da kwalbar ta taga ba. Ya ce ruwan ba shi da tsabta, iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Ya tare mota da kansa, ya tura 'yar tasa ciki da jaririyar ya ce asibiti, yanzu, yana nan tafe. Shi kuma ya tsaya a shago ya sayi ƙullin bula uku, irin wadda ake sa wa fararen kaya in an wanke.

Dabara ce ta masu famfo: in kana neman inda ruwa ke bi, ka ba shi launi. Wannan karon ya samu matar gidan hawa na uku, ya ce dubawa zai yi. Ya juye bular duka a masai, ya kora, ya jira tanki ya cika, ya sake korawa, har sau shida. Kuskurensa ɗaya, bai gaya wa kowa abin da zai yi ba. Kunya ta hana shi. A tunaninsa da mutane sun ga shuɗi za su gane da kansu, ba sai ya buɗe baki ba.

Ana idar da azahar bango ya fara zubo da ruwa shuɗi.

Kabbarar da aka yi sai da tagogi suka amsa. Wani ya faɗi yana shure-shure. Mata na guɗa daga waje, ana turereniya, ana taka juna, kowa na miƙa kwalba. Wani mai gemu har ƙirji ya ce shi dama ya gani a mafarki. Ba-Yoyo ya tsaya baki buɗe, ƙyamar duniya ta kama shi. Ya daka tsawa ya ce bula ce, shi ya zuba ta a masan hawa na uku, ga hannunsa. Ya ɗaga tafukansa shuɗi shar.

"Ya riga mu shafa ne, yanzu yana so ya hana mu!" in ji wani daga baya.

"Hassada ce! Mai wasa da kashi me ya sani game da waliyyai?"

Sai ya buɗe jaka ya fito da guduma. Mutum biyu suka riƙe shi, liman ya ce a sake shi. Bugu na biyar filasta ta zube, na tara bulo ya fashe. Ga bututu, ga ruɓaɓɓiyar roba tana lilo, ga abin da ya taru a cikin bango shekara da shekaru ya sulalo baƙi ƙirin a kan dardumar da ake sa goshi. Warin da ya tashi ba turaren da zai iya da shi.

"Ni na ɗaura robar nan," ya ce. "Gam ne ya ƙare mini. Aikina ne."

Wasu suka fita da gudu suna amai a kwata. Wasu suka sulale kamar ba su taɓa zuwa ba. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwalbarta gam, ta ce su dai su faɗi abin da za su faɗa, ita ciwon gwiwarta ya tafi. Liman ya naɗe hannun riga ya fara naɗe dardumar da kansa, hawaye na bin gemunsa.

A waje ƙanensa na tsaye, waya a sama, ya ɗauki komai tun daga kabbara. Bakinsa har kunne, rabon da a ga haƙoransa haka an daɗe. "Yaya, yau ka biya ni! Ga addinin naku nan yana kwarara. Shekara nawa ina cewa a kawo hujja?"

Wannan murnar ta fi warin ɓata wa Ba-Yoyo rai. "Bututuna ne ya fashe, ba Allah ba. Su ba hujja ce ta kawo su ba, kai ma ba ita ta fitar da kai ba, mu biyun mun san abin da ya fitar da kai. Kuma jikata tana asibiti da ruwan nan a ido, kana nan kana washe baki." Ƙanen ya sauke wayar, amma ya riga ya tura wa duniya.

Da la'asar ya isa asibiti, ya wanke hannu har fata ta yi ja, shuɗin bai fita ba. 'Yarsa na zaune a benci a dogon baranda mai warin magani. Ta miƙa masa jaririyar, an rufe mata ido da farin bandeji. Likita ta ce na dama zai warke. Na hagu ƙwayar ta yi gyambo, sai nan da mako biyu za a san ko za ta gani da shi. Ta kuma ce da kwana ɗaya ko biyu aka rage, da magana ta sha bamban.

Ya zauna kusa da ita. Wayar 'yar na kan cinyarta, ya ga hoton kansa riƙe da guduma.

"Na gani, Baba," ta ce a hankali. "Kowa yana kuskure a aiki. Shekara ashirin da biyu, wa zai tuna? Da ka ga idonta ne abin ya faɗo maka, ko? Yau ka gane."

Ba tuhuma take yi ba, miƙa masa amsar take. Babu wanda ya san abin da hancinsa ya gaya masa, liman ma zato kawai zai yi. In ya ce e za ta yarda har ta mutu, ba za ta nemi shaida ba, don so take ta yarda. Ya dubi fuskarta, sai ya ga irin kallon da matar nan ta yi wa bango kafin ta kurɓa.

"Tun Litinin na sani," ya ce.

Leɓunanta suka motsa, tana lissafin kwanakin. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu biyu ta ɗauke 'yarta daga cinyarsa, ta gyara mata zani, ta matsa can ƙarshen bencin ta zauna.