Alawar Lemun Isa

Ni Bagobira ce gaba da baya, ga tsagata nan a kunci, amma a Isa na yi aure, kuma ni na zaɓi abina. Kakata ta wajen uba ba ta hana ba, ba ta kuma yi murna ba. Tana yarinya ta riski ƙarshen yaƙe-yaƙen nan, lokacin da mutanenmu na Sabon Birni da mutanen Isa ba su gaisawa sai da mashi. Ubanta ya fita wani hari can, dokinsa kaɗai ya dawo. Tun ranar ta ce ba ta karɓar kyautar Isa. Turawa suka zo suka tafi, tana nan kan bakanta. Na aiko da daddawa, ta ba maƙwabta. Na aiko da zane, aka rufe akurkin kaji da shi.

Abin yana cina. Matar da ta goya ni, ga ta ta tsufa tukuf, ba ta taɓa ɗanɗana abin gidana ba.

Da aka ce mani bakinta ya mutu, ko fura sai da lallashi, sai na tsinko lemun tsami a bayan ɗakina, na sayi sukari, na hau motar 'yan kasuwa.

Na iske ta bisa tabarma bakin ƙofarta, tana korar ƙuda da mafici.

"Ƙawata, yau an sako ki?"

"Aro aka ba ku, Kaka."

"Mi ke ƙamshi cikin ƙunshin nan?"

"Lemu ne. Alawa za ni yi maki."

"Lemun ina?"

"Na Isa. Na tsakar gidana, ni na dasa shi."

"To, ya sha hanya a banza."

Na kwance ƙunshina. Na hura wuta daidai inda iska zai kai mata ƙamshi, na ɗora sukari da ɗan ruwa, na matse lemu a ciki. Ta juya mani baya. Ba a jima ba na ji murya daga bayan nan.

"Wutar ta yi yawa."

"Ke da ba ki ci, ina ruwanki?"

"Ba ni son a ƙona sukari a gidan ɗana. Ƙara lemu, in ba haka ba gari zai koma maki."

Na ƙara. Da ya yi kauri na ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ya dunƙule. Na juye a tasar da na shafe da man gyaɗa, ya ɗan huce, na rataya a turken jikin rumbu ina ja ina naɗewa. Tafin hannuna ya yi ja, alawa ta yi fari tas. A wajen jan alawa, ban ga macen da ta fi ni ba har yau.

Na yayyanka, na durƙusa, na miƙa mata da hannu biyu. Ta dubi tasar, ta haɗiye yawu, ta kau da kai. Na daɗe a durƙushe har idona ya ciko.

"Aje nan ƙasa," in ji ta. "Tafi ki ɗebo mani ruwa a randar ɗakin baya. Kada ki yi sauri."

Ina cikin ɗakin na ji jan gindi bisa tabarma, na ji ƙarar tasa. Na tsaya na wanke moɗar da ba ta da datti. Da na fito, babu tasa. Zanenta ya yi tudu a gefe, kuncinta ɗaya ya kumbura, tana tsotsa da dasashi, ido a runtse saboda tsami.

"Kaka, ina alawata?"

"An kawo hari kina can."

"Su wa?"

"Gobirawa. Wanda ya bar kayansa a fili babu mai tsaro, shi ya so. Wagga ganima ce, ba kyauta ba."

Na zauna ƙasa ina dariya har ruwan ya zube mani a zane. Ta jawo wani yanki daga ƙarƙashin cinyarta ta jefa baki.

"Ki gaya wa mijin naki yau an ci garinsu. In yana da zuciya ya sake aiko ki da wani lemun. Kuma ki zo da sukari da yawa, wannan rundunar ta yi kaɗan."