Ranar da Rosaria Ta Yi wa Maƙiyanta Kiɗa

Rosaria Melfi ba ta taɓa taka Viggiano ba, amma a bakin mahaifinta ta san kowane lungu na garin. Gari ne a kan dutse can kudancin Italiya, inda gona ba ta ciyar da mai ita, shi ya sa maza suka mai da kiɗa abin neman abinci. Kusan kowane gida akwai arpa, garayar nan mai kusurwa uku da tsirkiya sama da talatin, wadda in aka tsayar da ita takan kai wa mutum ƙirji. Yaro na tasawa za a ɗaura masa ita a baya da igiyar fata, a haɗa shi da wani babba su shiga duniya. Haka Saverio, mahaifinta, ya sauka Melbourne, a ƙasar Ostareliya, ko gashin baki bai fara ba, da garayar da kakansa ya sassaƙa.

Ya yi kiɗa a bakin titi, ya yi a gidajen biki, daga baya ya samu gurbi a gidan silima, lokacin da hoto bai iya magana ba. Matarsa ta rasu Rosaria tana ƙarama, don haka a gindin garayar ta girma. Ita ke goge ta, ita ke shafa wa tsirkiyoyin hanjin tunkiya mai don kada zafi ya tsinka su. Bai taɓa koya mata ba, don a wajen mutanen Viggiano kiɗan arpa aikin maza ne. Da ido ta koya, in ya fita ta zauna ta gwada. Wata rana ya dawo da wuri ya same ta a kai. Bai yi faɗa ba, bai kuma yaba ba. Sai da suna cin abinci ya ce, "Babban yatsanki nauyi gare shi." Iyakar karatun da ya taɓa yi mata ke nan.

Da hoto ya fara magana aka sallami makaɗa. A lokacin Rosaria ta auri Donato, mai aiki a ramin zinare, suka koma Kalgoorlie, garin haƙar zinare, har da tsohon. Suka zauna a unguwar baƙi, gidajen kwano da buhu, tsakanin layin dogo da tsibin ƙasar da ake fitarwa daga rami. Tana dafa wa gwagware abinci. Hannun Saverio ya fara rawa, har ta kai cokali ma sai ya riƙe da hannu biyu. Garayar na tsaye a kusurwar ɗaki, lulluɓe da bargo.

A ƙarshen Janairun 1934, ana tsakiyar zafi, faɗa ya kaure a wata mashaya tsakanin wani ɗan Italiya da wani ɗan gari, ɗan garin ya faɗi ya mutu. Da ma akwai jiƙaƙƙiya, ana cewa baƙi sun cinye aikin rami. Kafin gari ya waye an ƙone shaguna da masaukan 'yan Italiya da na Yugoslaviya da ke cikin gari. Da hantsi labari ya iso unguwa cewa yau su za a zo wa.

Donato ya shigo jikinsa duk jar ƙasa. Tuni maza suka fara haƙa ramin kariya a bakin unguwa, wasu na cusa nakiya a gwangwanaye.

"Ki ɗauki Baba ku shiga daji," ya ce. "Mata duk sun fara tafiya."

"Kai fa?"

"Ni ina nan."

"Da shebur za ka tare su?"

"Gidan nan da hannuna na kafa shi, Rosa. Ki ɗauki ruwa da yawa, ki bar surutu."

Ta juya ga mahaifinta. Yana zaune a bakin gado, ya sa hularsa ta fita, amma bai da alamar tashi.

"Baba, mu tafi."

"Ki tafi, 'yata. Ni ba na barin garayar nan."

"Katako ne fa, Baba."

"To a ƙone katako biyu."

Ta san shi, in ya kafe ba mai tayar da shi. Ta ari amalanken maƙwabciyarta Milka, 'yar Yugoslaviya, ta shimfiɗa katifa a ciki, ita da Donato suka kwantar da garayar suka rufe da bargo. Ta soke tulun ruwa da burodi a gefe. Donato ya riƙe hannunta, sannan ya sake ta ya koma wajen maza.

Hanyar daji ɗaya ce ga mai amalanke, sai an bi ta inda titi ya ƙetare layin dogo. Masu ƙafa kan bi ta wani kwalbati da ke ƙarƙashin layin, ɗan gaba kaɗan. Da suka zagayo bayan tsibin ƙasa sai Rosaria ta tarar da Milka a tsugune da 'ya'yanta, da wasu mata da tsofaffi, kowa ya yi tsit. Milka ta nuna mata da haɓa. A mararrabar, wata babbar mota ce tsaye, maza sun fi goma a inuwarta, suna shan giyar da suka kwaso jiya. Biyu na da bindiga. Daga inda suke zaune bakin kwalbatin a fili yake.

"Tun ɗazu muke nan," in ji Milka ƙasa-ƙasa. "Ƙaramin nan ƙishi zai sa shi kuka, kuma in ya yi kuka mun shiga uku."

Kafin Rosaria ta amsa, ƙafar amalanken ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin mazan ya miƙe ya kare ido da hannu.

"Wane ne a nan? Fito!"

Komawa baya na nufin a biyo ta har inda matan suke. Ta kama hannun amalanken ta tura shi fili, mahaifinta na biye da ita yana jan ƙafa. Ƙarfen ya yi zafi kamar an ciro shi daga wuta, amma ba ta saki ba.

Wanda ya tare su dogo ne mai jan gemu, rigarsa a buɗe, kwalba a hannu. Ta san fuskarsa, rami ɗaya suke da Donato.

"Ga maciya taliya za su yi ƙaura," ya ce, sauran suka yi dariya. "Me kika ɓoye a nan, uwargida? Bindigogin mijinki?"

"Kayan kiɗa ne."

"Kayan kiɗa. Jiya ma wani ya ce mana gawar uwarsa ce, ashe buhunan sukari ne."

Ya fizge bargon. Rana ta faɗa kan tsirkiyoyin da ɗan kan mala'ikan da aka sassaƙa a saman ginshiƙin. Suka zagaye amalanken. Wani ya ja tsirkiya ɗaya da bakin bindiga, ta yi ƙara, Saverio ya runtse ido.

"Ai na san tsohon nan," wani ya ce. "An ce da can a silima yake kiɗa. To tsoho, tun jiya muke aiki ba mai nishaɗantar da mu. Sauke ta."

Suka sauke garayar da ƙarfi, suka jawo akwatin kwalabe suka dangwarar da Saverio a kai. Ya jingina ta a kafaɗarsa, ya ɗaga hannu. Yatsunsa suka riƙa dukan tsirkiyoyin ba tsari, kamar kaza na tsattsagar ƙasa. Ya sake gwadawa. Dariya ta ɓarke, wani na kwaikwayon rawar hannun.

"Ba ta da amfani," in ji mai jan gemu. "A kawo kananzir mu ji ko wuta za ta fi shi iya kaɗa ta."

"Ni zan kaɗa," Rosaria ta ce.

Ba ta taɓa kiɗa a gaban kowa ba sai bango da mahaifinta. Ta ɗaga tsohon, ta ja akwatin ta ce rana na dukan idonta. Ta juya shi yadda duk mai son kallonta sai ya ba kwalbatin baya. Ta zauna. Ta matse garayar da cinya.

Ta fara da wani kiɗan rawa na 'yan gari da ake yi a kowane biki. Farkon ya fito a karkace, zafi ya sassauta tsirkiyoyin sama. Ta bar su ta koma na tsakiya. Can sai wani ya fara buga ƙafa, wani ya kama waƙar da muryar maye, biyu suka rungumi juna suna juyi, ƙura na tashi. Ta saman kafaɗar mai jan gemu ta hango Milka ta fito a sunkuye, yaro a ƙirji, hannunta a kan bakinsa. Ta ɓace cikin kwalbatin. Wata ta biyo baya.

Kiɗan ya ƙare, mutane ba su gama wucewa ba. Ɗaya daga cikin masu bindigar ya yi miƙa zai juya.

"Kai mai bindiga," ta ce, ita kanta ta yi mamakin muryarta, "kai ba ka rawa ne, ko ƙafar ta katako ce?"

Aka yi masa ihu, aka jawo shi cikin fili. Ta shiga wani kiɗan da ya fi na farko sauri. Daga shi ta faɗa wani, ba ta bar tazarar da mutum zai waiwaya ba. Da na 'yan gari suka ƙare mata ta koma na Viggiano, ba wanda ya lura. Gumi na shiga idonta. Fatar yatsunta, da wanke-wanke ya riga ya tausasa, ta yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe. Tsirkiya ɗaya ta tsinke ta tsaga mata kunci. Saverio na tsaye a gefenta, ya sunkuyo kamar mai duba garayar.

"Saura tsohuwa Agata da mai riƙe da ita," ya raɗa mata da harshen gida. "Kada ki yi sauri, kina gudu kina barin bugun."

Tsohuwar ta yi tafiyar da Rosaria ta ji kamar ba za ta ƙare ba. Sai da bakin zanenta ya shige duhun kwalbatin sannan Rosaria ta sauke hannu. Tsirkiyoyin tsakiya duk sun yi ja da jini.

Mai jan gemu ya dube ta, ya dubi hannunta. Ta ɗauka zai ce su wuce da kayansu.

"Ta iya," ya ce wa sauran. "A sa abin a mota, yau da shi za mu yi shagali. Ke kuma ja tsohonki ku ɓace kafin in canza ra'ayi."

Saverio ya kama ginshiƙin da hannu biyu. Aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, aka ture shi ya faɗi zaune. Rosaria ta ɗaga shi, ta ɗora shi a kan katifar da ke cikin amalanken, ta tura suka ƙetare layin. A haka suka isa inda mutane suka taru a ƙarƙashin itatuwa.

A ranar aka ƙone unguwar ƙurmus. Daga daji suna ganin hayaƙin, suna jin nakiya. Washegari da rana Donato ya iso da ƙuna a kafaɗa, ba takalmi. An rasa rayuka a ɓangarorin biyu. Suka yi kwanaki a daji, wasu mutanen gari na kawo musu ruwa da abinci a ɓoye, kafin a kafa musu tantuna a kan tokar gidajensu.

A bakin tantin ne wata safiya wata Baturiya 'yar gari ta tsaya da keken jariri, garayar a gicciye a kai, an ɗaure ta da igiyar shanya.

"A bayan gidana na tsince ta," ta ce, idonta a ƙasa. "Mijina ya ce bai san yadda aka yi ta zo ba."

"Ki shigo ki sha shayi," in ji Rosaria.

"A'a, na bar tukunya a wuta."

Ginshiƙin ya tsage, kan mala'ikan ya guntule, rabin tsirkiyoyin babu. Mijin Milka kafinta ne, ya yi wa garayar sabon ginshiƙi da jan katakon ƙasar nan, mai nauyi kamar ƙarfe. Saverio ya saurari muryarta ya ce ta zama 'yar Ostareliya, ta daina magana da hanci. Bai cika shekara biyu ba bayan haka ya rasu.

Bikin farko da aka yi a sabuwar unguwar, Rosaria ce ta yi kiɗa. Tsofaffin maza suka yi gunaguni, matansu suka ce duk wanda abin bai yi masa ba ya je ya yi rawa da shebur. Daga nan ba a sake ɗaura aure ko raɗin suna a unguwar ba tare da ita ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da tsirkiyar hanji ta yi wuya, da zaren kamun kifi ta yi ta lallaɓawa. Ƙurar rami ta cinye huhun Donato, ta binne shi kusa da mahaifinta, ta koma garin Fremantle da ke bakin teku wajen 'yarta, inda ta ci gaba da kiɗa a coci har sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu.

Milka ta riƙa ba da labarin mararrabar har tsufanta, kuma duk shekara mutanen da suka bi ta kwalbatin sai sun ƙaru a bakinta. In aka tambayi Rosaria takan ce ita ba ta ƙirga kowa ba, kuma ba jarumta ce ta riƙe ta a kan akwatin nan ba.

"Tsoro ne," takan ce. "Na san in na tsaya zan fara kuka, su kuma za su waiwaya."